Fidanka da Takalman 'Yata

Kullum da hantsi Fidanka, ma'aikaciyar lafiya, takan tsallako layin dogo zuwa unguwarmu, jaka a kafaɗa. A ciki akwai abin awon jini da wata takarda da ta sha ninki har ta kusa rabewa: dokar da ta ce a duba mai ciki ko ba ta da inshorar lafiya. Shekara ashirin da biyu tana kai da kawo tsakanin asibiti da mu 'yan ƙabilar Roma. Wannan watan za ta ajiye aiki.

A wurinmu uba ba ya zancen cikin 'yarsa, abin kunya ne. Bara, 'yata Zlatka tana da tsohon ciki, na ga fuskarta da ƙafafunta sun kumbura, tana ta dafe kai. Uwarta ta rasu, mijinta yana aikin gini a Jamus. Kwana uku ina zagaye, bakina ya yi nauyi. Na tare Fidanka a bakin famfo.

"Yaya, takalman yarinyar nan sun daina shigarta."

"To ni badukiya ce, Rumen?" Sai ta ƙura mini ido. "Tun yaushe?"

"Kwana uku."

"Tsohon banza! Wuce mu je."

Da ta auna Zlatka, ta tarar jininta ya hau ƙwarai. A asibiti, mai karɓar marasa lafiya ko kai ba ta ɗaga ba.

"Babu inshora. Ku ai haihuwa ba ta ba ku wuya, ku koma gida."

Ni har na juya. Fidanka ta shimfiɗa takardar a kan tebur.

"Karanta, 'yar nan, ko in karanta miki da ka? In korarmu za ki yi, rubuta sunanki a nan ki sa hannu."

Kafin rana ta raba an ba Zlatka gado. Likita ya ce da mun ƙara kwana ɗaya, da wani labarin ake.

A babban birni aka rubuta dokar, amma doka ba ta da ƙafa. Ke ce ƙafarta, Fidanka, mai jin abin da aka kasa faɗi. Na gode, mun gode. 'Yan matanmu da suka yi karatu, ga jaka nan, wata ta ɗauka. Iyaye maza kuma, kada ku kai kwana uku irina.

Fidanka, jiya Zlatka ta zo gaishe ki, jaririya a hannu, takalman nan a ƙafa.