Gadon da Mijina Ya Fere

Shekarar da kamfanin haƙar uraniyum ya sallami mijina, ruwa bai sauka ba, tawaye kuma ya sa mota ba ta barin Arlit sai da rakiyar soji. Mazan unguwa suka bazama neman abin yi, wani dako, wani faci. Nawa gogan ya tashi da zancen siki.

Wai ya taɓa ganin nasarun kamfani suna ɗaura dogayen katakai a ƙafa suna sulalowa daga tudun yashi, shi ne siki. Zai ƙera musu irinsu, mu huta da talauci. Katako mai kyau ya yi wuya a garin, sai idonsa ya sauka kan gadona.

Gadon nan babana ya yi shi da hannunsa a Damagaram, shi ne aikinsa na ƙarshe kafin ya rasu. Kowa ya san kayan ɗaki na mace ne, miji ko tabarma ba ya ɗauka sai an ba shi. Na dawo daga layin pampo na tarar ya zare katakan gefe biyu, katifa a ƙasa.

“Malam, wa ya ba ka?”

“Ke dai kawo ruwan nan.”

Ruwan da na sha rana a kansa ya tafasa, ya tsoma bakin katakan don su lanƙwashe. Ya ɗauki gizago ya yi ta fera, tsakiya da kauri, baki da wutsiya fale-fale. Ina kallon zanen da babana ya yi wa katakan yana zuba ƙasa. Ban taɓa tsanar mutum kamar ranar ba, kuma har gobe ban yafe ba.

Da ya zo sa maɗaurin ƙafa, taɓaryata ya kwantar, ya ɗora katakon a kai yana matsarwa har ya daidaita, ya yi alama da gawayi. Ya taka, ya zana sawunsa, ya huda tsakanin babban yatsa da mai bi masa. Ya yanko robar taya ya yi masa hanci irin na silifa, yana ta yabon kansa. Na ce a raina, ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Ya saɓa su har garin Akokan da ke kusa da mu, wurin wani nasara da ke haɗa kayan tafiya. Mutumin ya dubi hancin robar, ya dubi ƙaton takalminsa mai igiya, ya tambaya ta ina zai zura yatsa. Ashe su da takalmi suke hawa.

Ya dawo ko kunya babu. Wai hudar ta raunana tsakiyar katakon, ba ya gyaruwa, amma yanzu ya gane kan aikin. Yana maganar yana auna allon kan gadon da taƙi.

Ranar da ayarin soji zai tashi, mijina yana wurin shan shayi, na kwance sauran gadon na loda a babbar mota, na haye sama na zauna a kai.

A Damagaram inna ta sa aka shigar da katakan. Ba ta tambayi mijina ba. Ta yi ta ƙoƙarin haɗa gadon, kai da ƙafa suna faɗuwa don babu abin da zai riƙe su. Ta zauna a ƙasa ta ce, “Da zazzaɓi a jikinsa babanki ya goge katakan gefen nan. Na ce ya kwanta, ya ce sai ya gama miki.”