Ranar da Aka Kashe Injin Markaɗe Saboda Mama

Har yau in na ji ƙamshin citta da kanumfari suna tafasa, sai in ji kamar in kwasa da gudu. Bari ku ji dalili.

Mamanmu tana da ciwon ɓarin kai, irin wanda in ya sauka sai ta kwana uku a ɗaki mai duhu, ko ruwa ta sha sai ya dawo. Amma ciwon yana da ladabi, yakan yi sallama: walƙiya take fara gani a gefen ido. Daga nan kakarmu ke karɓe mulkin gida, don ta ce in an riga shi shiri, ba ya zama.

Ranar da babban yayanmu zai karɓi digiri a Samaru, na farko a danginmu kaf, Mama na cikin ɗaura ɗankwali sai ta dafa bango. "Ga walƙiyar nan," ta ce.

Kai, ku zo ku ga gida! Kaka ta ɗora citta a wuta, ta jiƙa tsumma da ruwan randa ta ɗaure mata goshi tamau, ta toshe taga da bargo, ta hau murza mata ƙeya da man kaɗanya. Sai ga injin markaɗen maƙwabciyarmu ya tashi, har bango na rawa. Safiyar Asabar ce, layin mata har bakin titi.

"Ke sarkin surutu," in ji Kaka, "yau bakinki zai yi rana. Je ki kashe mini injin can."

Shekarata tara. Matar nan kuwa duk Sabon Gari an san faɗanta. Ƙwallon yara in ya faɗa shagonta, ya tafi ke nan. Na tsaya gabanta, na ƙwala ihu: "Mama ta ga walƙiya!"

Ta dube ni, ta miƙa hannu ta kashe. Masu wake da tattasai suka soma gunaguni, ta ɗora yatsa a baki. "Yau ɗan maƙwabciyata zai sa hular jami'a. Kowa ta zauna."

Suka zauna kuwa! Awa guda cur, hira sai da raɗa. Ni kam daɗi ya kusa kashe ni, ni ce na tsayar da unguwa.

Ko cittar ce, ko ruwan randa, ko shirun, har gobe ban sani ba. Na dai san Mama ta fito ido a ƙanƙance, ta shiga motar Samaru. Da aka kira sunan yaya, guɗarta ta danne ta kowa.

Ni na gaji ciwon. Ina shan maganin likita, ina dafa cittata. Amma in walƙiyar ta zo, janareto uku ne kewaye da gidana a Hanwa, kuma ban san ƙofar wanda zan buga ba.