Ƙarar da Na Riƙa Kaiwa a Addu'ar Safe

Shekarar da 'yata ta fari take ajin ƙarshe a jami'a, ta dawo mana gida Unguwar Boro da damin takardu a leda. Wai fom ne na binciken kammala karatu, za ta raba wa matasan majami'armu bayan sujada. Na tambaye ta binciken me. Ta ce kunya take aunawa, irin wadda ke sa mutum ya ga kansa ba a bakin komai ba, tana so ta gano ko tana da alaƙa da yadda iyaye suka rene shi.

Tun daga nan hankalina bai kwanta ba. Kunyar ce za a auna sai ka ce gero a mudu? Kuma duk majami'un da ke garin nan ba ta ga inda za ta kai takardunta ba sai tamu, inda nake shugabar zumuntar mata? Na tsufa ina koyarwa a firamare, na san yaro in yana kewaye-kewaye. Na ce a raina, yarinyar nan ni take bincike.

Ta ce ba a rubuta suna, lamba kawai ake zagayewa daga ɗaya zuwa biyar, sai ɗan fili a ƙasa don mai ƙarin bayani. Rashin sunan ma ya ƙara mini zargi. Ran Lahadi ina kallo matar fasto ta karɓi fom ɗaya ta duba, ta ɗago ta yi mini murmushi. Murmushin nan ya hana ni cin abincin rana.

Ran Talata da ta tafi kasuwa na shiga ɗakinta. Ba abin alfahari ba ne, amma na shiga. Na zauna bakin gado ina bin takardun ɗaya bayan ɗaya, ina neman rubutun hannunta. Yawancin yaran ba su ƙara komai a ƙasa ba. Can sai na ci karo da wannan: "Mamata ba ta dukana. A addu'ar safe take faɗa wa Allah laifina da ƙarfi, maƙwabta suna ji. Har yau ba na iya addu'a da murya."

Kunnuwana suka ɗauki zafi, domin haka nake yi. Lokacin da yarana suke ƙanana gidan haya muke, ɗakuna a jere, ko tari ka yi na gefe ya ji. Babansu kan yi sammakon tafiya aiki Rido, ni ke jan addu'a. Ban taɓa ɗaga wa 'ya'yana bulala ba, har taƙama nake da hakan a zumunta. Sai dai in durƙusa in ce, "Ya Ubangiji, ga 'yarka nan, shekara tara, jiya ma ta jiƙa katifa. Ka taimake ta." Maƙwabciyata takan amsa da amin ta bayan bango. Haka uwata ta yi mana a ƙauye, ni a wurina tarbiyya ce ta masu tausayi.

Tana dawowa na tare ta da takardar tun ba ta sauke kayan miya ba.

"To, kin kai ƙarata jami'a ke nan? Malamanki su karanta, matar fasto ta karanta?"

Ta kalli takardar, ta kalle ni. "Mama, kayana kika buɗe?"

"Ki amsa mini. Hannu kika sake don kada in gane, ko?"

"Mama, mai bincike ba ya cika fom ɗinsa. Ba tawa ba ce. Ban san mai ita ba, kuma ko na sani ba zan faɗa ba."

Na sake dubawa da kyau. Ni na koya mata riƙe fensir, wannan kam ba hannunta ba ne. Hankalina ya kwanta, nan take na fara bin matan zumunta a zuci ina neman wadda 'yarta ta tona wa asiri. Na yi dariya na ce, "Ai na san ke ba za ki rubuta irin wannan ba."

Ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Ta karɓi takardar ta mayar cikin sauran, ta ɗaure ledar.

Shirun nan ya dawo mini da zargina sabo. Washegari da muka durƙusa a falo, babanta da ƙannenta duka suna nan, na ce bari in gwada ta.

"Yau ke za ki yi mana addu'a."

Muka rufe ido muna jira. Shiru. Na buɗe ido ɗaya. Leɓunanta na motsi, amma babu abin da ke fitowa. Na shiga laluben ranar ƙarshe da na ji muryarta a addu'a, ban samo komai ba bayan shekarun gidan haya. Kuma ni da bakina na sha gaya wa mata cewa 'yata kunya gare ta, ba ta da rawar kai irin ta yaran yanzu.

Babanta ne ya cece ta, ya ce amin. Ƙannen suka amsa, suka juyo gare ni in rufe addu'a kamar kullum. Kunya ta rufe ni, irin wadda ban san lambar da zan zagaye mata ba. Na ce su tashi, yau a zuci zan yi tawa.