Ranƙwashin Kawu

Jiya a wurin atisaye na ga an jera silifas a bakin ruwa, sai na tuna marigayi Kawu. Cutar shan inna ta shanye masa ƙafafu, don haka a hannu yake sa silifas. Da damina yakan je kududdufin bayan garinmu, kusa da Gagarawa, ya jera su kamar mai shiga masallaci.

Ni kuma injin niƙa ne ya cinye hannuna na hagu. A lokacin saura mako biyu a zaɓi 'yan wasan iyo masu nakasa a Kano, amma da na shiga ruwa sai in karkace hagu, in dawo inda na taso. Na ce na fasa zuwa.

Kawu ya yi dariya har ya ƙware.

"Ɗan nan, ɗawafi kake yi? Zan bi ta hagunka. Ka karkato, ka sha ranƙwashi."

Ruwan na warin laka, hannunsa kamar taɓarya. Ranar farko na sha bakwai, ranar ƙarshe ko ɗaya. Aka ɗauke ni. Har yau in na fara karkata, sai ƙeyata ta tuna mini.

Allah Ya jiƙan Kawu, Ya miƙe masa hanya har Aljanna.