Igiyar Bature da idon Inna Hajjo

Bana shekara tara ke nan da rasuwar kakata, Inna Hajjo ta Birchi, amma ban taɓa jin ta kusa da ni kamar makon jiya ba.

Tana budurwa mai tallar nono, zamanin Turawa, wani Bature ya zo kasuwar Kurfi neman san da zai ja masa kaya zuwa Dutsin-Ma. Igiyar awo gare shi. Ya zagaya ƙirjin kowane sa da ita, ya zaɓi mafi girma, don an ce alamar ƙarfi tana ga mai ƙiba. Inna ta aje ƙwaryarta ta ce wa tafinta, "Malam, gaya wa mai igiya wannan ba ya kai shi. Hancinsa a bushe, ya bar tuƙa, ga kunne ya saki." Aka yi mata dariya. A rabin hanya san ya kwanta, Bature ya ƙarasa da ƙafa. In tana ba mu labarin ta zo nan, sai ta tashi ta gwada mana tafiyarsa, mu yi ta faɗuwa don dariya.

Daga nan take cewa lafiya ba a ganinta, sawunta ake bi, kuma sawu ɗaya ba ya nuna hanya. Sai uku sun yi baki ɗaya take yarda.

Ni kuwa da na gama sakandare na samu aikin awon jarirai a ɗakin shan magani, sai na ɗauka sikeli ya gama magana. Da tana nan da ta ce, "'Yar boko, ke ma igiya suka ba ki?"

Makon jiya ɗiyata, takwarar Inna, ta kwana biyu tana zawo. Na ɗora ta a sikeli, nauyi bai ragu sosai ba. Na gwada zafin jiki, ƙalau. Har na goya ta zan koma gida, sai ta yi kuka, na sauke ta, na ga ba hawaye. Na shafa maɗiga, ta faɗa. Na ba ta nono, ta kau da kai. Uku. Ban san sanda na tare mota ba takalmi ba. A babban asibiti suka sa mata ƙarin ruwa, likita ya ce da na kai gobe, da sai dai wani zancen.

Ba na zargin sikeli. Abin da na tambaye shi ya amsa, kamar igiyar Baturen. Nauyi sawu ɗaya ne, ni ce na ɗauke shi lafiyar gaba ɗaya.

Inna ba ta bar mana gadon gona ba, ba ta bar ko akuya ba. Amma ga takwararta nan tana jan gefen takardar nan, tana tsala kuka don na hana ta alƙalami. Na duba da kyau: hawaye shaɓe-shaɓe. Allah Ya jiƙan ki, Inna.