Idon da Ba Ya Ƙiftawa

Kowace safiya, kafin ya sha kofi, Aksel Thorup yakan kwanta rigingine, matarsa Bodil ta yanka ɗanyen dankali ta ɗora masa a kan idanu don su huce. Ran nan da ta ɗauke dankalin, idon hagu bai gan ta ba sam, na dama kuwa ya hango ta kamar cikin hayaƙi.

"Likita ya ce in ka ƙara wuni a gaban fitilun nan, shi ke nan," in ji ta.

"Likita bai taɓa ganin wasana ba."

"Kai ma ka kusa daina ganinsa, tsoho."

Tun yana saurayi Aksel ya bi ayarin 'yan wasa a keken doki, daga wannan ƙauye zuwa wancan a yankin Jylland. Bai taɓa fitowa a jarumi ba. Gajere ne mai faɗin muƙamuƙi, saboda haka rabonsa kullum mai gadin kurkuku, ko mahauci, ko azzalumin kawu. Da aka fara ɗaukar fim marar magana a birnin København, muryar da ya shekara yana gogewa ta tashi a banza. Kallo kaɗai ya rage masa: yana iya ƙura wa na'urar ɗauka ido, ba ƙiftawa, har sai an ce ya isa. Don kallon nan ake nemansa. Fitilun ɗakin ɗauka kuwa, masu zafi kamar wutar maƙera, suna ta cin idanun a hankali.

Ya ci baƙin burodi da kifi, ya fita.

A ɗakin ɗaukar fim, Brandt, mai ba da umarni, ya tarbe shi da dariya. "Ga dodonmu! Baba Thorup, yau alƙali za ka fito, mai yanke hukuncin rataya. Ba ni kallon nan da ke sa yara fitsari a wando."

"A ɗan rage fitilar dama, yallaɓai."

"In an rage, fuskarka gawayi za ta fito. In gajiya ka yi, faɗa mini, masu jira na ƙofa."

Aksel ya san ranar da ya ƙifta, ya zama gajeren tsoho kamar kowane. Ya sa hular gashin alƙalai ya zauna. Aka kunna fitilu, mai ɗauka ya shiga juya hannun na'urar. Hasken ya yi fari, ya koma ja. Hawaye suka tsaga fentin fuskarsa. Bai ƙifta ba.

"Ya isa! Alƙali mai kuka, kai, tsohon nan!" in ji Brandt.

"To, a kashe fitilun," in ji Aksel.

"Ai an kashe tuni."

Aksel ya miƙe. Ya bi bango da tafin hannu har ɗakin shiri, ya zauna gaban madubi kamar yadda ya saba. Ɗan wasa ba ya fita titi da fenti a fuska. Ya laluba man shafawa, ya goge goshi da kumatu da bayan kunne, ya cire hular gashin, ya yi ta shafa bango har yatsunsa suka sami ƙusa, ya rataye ta.