Sunan da Za a Sa a Bayan Ambulan

Da sunan Allah, mai isar da saƙo inda ƙafa ba ta iya kaiwa.

Na daɗe ina zama a gindin dogon yaron da ke ƙofar gidan wayar garinmu Wurno, da tabarmata da 'yar kwalbar tawada. Ban yi boko ba. Allo na yi, sannan littattafai, don haka ajami ne hannuna. Mai son wasiƙa sai ya zauna ya faɗa, in rubuta, sannan ya shiga ciki mai gidan waya ya rubuta masa bayan ambulan da boko, ya manna kan sarki, ya buga hatimi. Haka muka raba aikin, ni da cikin takarda, shi da bayanta, ba tare da mun taɓa zama mun shirya ba.

Da wayar hannu ta cika gari, sai gidan waya ya soma ramewa kamar saniya a ƙarshen rani. Ma'aikata suka riƙa raguwa har ya rage mutum ɗaya, wani dogon dattijo mai yawan barkwanci, wanda ya tsufa a bayan kantar nan. Motar wasiƙu ta daina zuwa. Shi da kansa yake ɗaukar jaka ranar Laraba bayan azahar, ya shiga motar haya ya kai Sakkwato, sau da yawa daga aljihunsa. Rufin ɗakin yana yoyo, in hadari ya taso sai ya ɗora jakar a kan kujerarsa shi ya tsaya. Da tawadar hatimi ta ƙare aka daina aiko wata, ni na riƙa dafa masa irin tamu ta allo, ina ƙara mata ƙaro don ta kama. Da ƙaron kuma yake liƙe ambulan. Wani mai albasa ya roƙi aron barandar yana shanya, har ya zama duk wasiƙar da ta fito daga Wurno da ƙamshinta take tafiya. Mai gidan waya ya ce wannan ya fi hatimi, don ko makaho zai san daga inda ta fito.

Duk da haka bai taɓa makara ba. In na ce masa, "Kai kuwa wa kake buɗe wa?" sai ya ce, "Malam, rijiya ba ta rufe baki don yau ba a zo ɗiba ba."

Wata Laraba da hantsi, ɗan kabu-kabu ya sauke wata tsohuwa Bafulatana daga wata ruga da ke bayan Magarya. Na san ta, don ni na sallaci mijinta shekarun baya. Ta sauko a hankali, hannunta ɗaya dafe da ciki. Muka gaisa, ta zauna a gefen tabarma, ta juya mini kafaɗa yadda suke yi.

"Malam, takarda nika so ka yi min."

"To, Inna. Zuwa ga wa?"

"Ga wancan yaron."

Na gane ɗanta na fari take nufi. Labarin ya fito da kaɗan-kaɗan. Yaron ya sayar da karsanar da ubansa ya bar masa, ya tafi kudu wurin horon aikin ɗamara. Ita ba ta so ba. Da ya durƙusa zai yi sallama, ta kau da kai, ta ci gaba da kaɗa nono, har ya gaji ya tashi. A wurin horon kuwa ana karɓe wayoyinsu, wata da watanni ba mai jin muryar gida, sai wasiƙa kaɗai ke shiga. Yanzu ga shi likita ya ce jibi za a yi mata aiki a ciki, a Sakkwato.

"Ban san ko in tashi ba, Malam," ta ce. "Ba ni so in tahi shina ɗauke da hushina. Ka ce mai na yahe. Duniya da lahira."

Na rubuta. Yaron ya yi allo, zai karanta da kansa, ba sai wani ya ji sirrinsu ba. Ta sa na ƙara cewa ya riƙe salla, kuma ya daina shan ruwan sanyi da safe don ƙirjinsa. Na karanta mata, ta gyaɗa kai, muka shiga ciki.

Mai gidan waya ya san wurin, don ya sha aika wa 'ya'yan wasu. Ya rubuta gari da sunan makarantar, ya ɗaga biro.

"To Inna, mi as sunan mai ita?"

Ta faɗi laƙabin da kowa ke kiran yaron da shi a ruga.

Ya yi dariya. "Inna, wanga suna ba ya wuce Magarya. Can mutum ɗari nawa na, kowa da aski iri ɗaya. In ba sunan da liman ya raɗa mai anka sa ba, takardar ga kwando za ta kwana har ta tsuhwa."

Ta sunkuyar da kai.

Sunan ubansa ba wuya, ni na faɗa. Amma sunan yankan yaron ban taɓa ji ba. Ɗan fari ne, uwa ba ta kama sunansa. Bugu da ƙari sunan surukinta aka mayar masa, kunya biyu ke nan a kan suna ɗaya. 'Yan'uwan mijin sun yi nisa da shanu, ba mai dawowa kafin kaka. Jaka kuma bayan azahar za ta tafi, in ta wuce sai wata Laraba, ita kuwa jibi za ta kwanta.

"Inna, daure ki faɗa a hankali," na ce. "Lalura ce, Allah ya gani."

Ta buɗe baki. Sai ta ja mayafi ta rufe. Shekara ashirin da wani abu harshenta bai ɗauki kalmar nan ba, ba a rana ɗaya zai ɗauka ba. Hawaye suka zubo mata, ta share da sauri.

Mai gidan waya ya ajiye biro. Da wani ma'aikacin ne, sai ya ce doka ce, ki je ki dawo. Shi kuwa ya jawo mata benci.

"Zauna, Inna. Ke ba ki cewa komi. Malam shi jero sunaye, na annabawa da na sahabbai, ai ba ya wuce ciki. In anka zo kan nashi, ki duƙad da kai, shi ke nan."

Na soma, ɗaya bayan ɗaya, ina tsayawa tsakani. A suna na uku ta duƙar da kai. Mai gidan waya ya ce alhamdu lillahi, ya rattaba a ambulan, har ya ɗauko kan sarki.

"A'a!" ta ce. "Ba shi na ba. Wanga wan maigidana na."

Muka dubi juna. Ya yaga ambulan, ya ɗauko wani. Na ci gaba. A na biyar ta sake duƙawa.

"Shi na?"

"Kawun maigidana na."

"Inna!" ya ce, yana riƙe da kai. "Ke duk annabawan ga surukanki na? Ambulan huɗu sunka rage min a duniya, gwamnati ba ta aiko wasu ba!"

Ita kanta sai da ta yi dariya cikin mayafi, har cikin ya motsa ta dafe shi. Laifinmu ne. Mun manta cewa mace irinta ba za ta ji sunan babba a gidan miji ta bar kanta a miƙe ba.

Sai ita ta kawo dabara. "In kun zo gare shi, ni tashi nikai."

Na koma jerowa. Ta duƙa sau biyu, ba mu kula ba. An fara kiran salla a masallacin kasuwa lokacin da na ambaci wani suna, ban ma gama rufe baki ba ta miƙe, ta gyara zane, ta fita ta tsaya can bayan albasa tana kallon hanya. Mai gidan waya ya rubuta da manyan baƙaƙe, ya liƙe, ya hura wa hatimi iska ya buga da ƙarfi. Da ta dawo ta kwance bakin zanenta ta biya kan sarki. Ta yi mamakin ƙanƙantar abin da aka karɓa, ta tambaya ko wannan zai isa har kudu. Ya ce mata da na Rabah nan kusa da na bakin teku duk ɗaya ne a wurinsu.

Bayan salla na ga ya rataya jakar, wasiƙa uku ce kacal a ciki, ya nufi tasha.

Makonni suka shuɗe ba mu ji ɗuriyarta ba, ni kuma na kasa tambaya. Ran nan mai gidan waya ya dawo daga Sakkwato, tun daga nesa yana ɗaga wani ambulan. A bayansa an sa a ba malamin gindin dogon yaro, ya kai wa tsohuwar. Kai wasiƙa ruga ba ya cikin aikinsa, amma washegari ya kulle ofis da hantsi, abin da ban taɓa gani ba, ya ari babur, na hau baya. Muka bi ta cikin gero, yana tuƙi yana salati, ni ina taya shi.

Mun same ta kwance a inuwar bukka, ta rame, amma idonta garau. An yi aikin, Allah ya tashe ta. Na zauna daga nesa kaɗan na buɗe. Rubutun yaron a karkace yake, kuma akwai wuri biyu da tawadar ta jiƙe ta bazu. Ya ce ranar da aka kira shi a fili aka miƙa masa takardar, bai iya cin abinci ba. Ya ce tun da ya bar gida bai yi barci mai daɗi ba sai daren. Ya ce in ya fara ɗaukar albashi, karsana zai fara saye.

Ta saurara, fuskarta a juye wajen garke, kamar ba da ita ake ba.

"Ya ji ke nan," ta ce.

"Ya ji, Inna."

Sannan, ba tare da ta juyo ba, ta ce, "Malam, ƙara karanta min. Kunnena bai ji da kyau ba."